Yaya Hamsu, Matar da Ta Rame da Gangan

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Hamsu makwancinta a bayan gari, nan Filinge. Kaka ce irin wannan, ana yankan hatsi, rabin waɗanda suka bi gawar daga gona suka zo da ƙaiƙayi a wuya. Ni ba marubuci ba ne. A aji uku na bar lakwal, wato makarantar boko, na shiga tasha, na yi ta jan mota tsakanin Filinge da Yamai har bayana ya ce ya gaji. Amma bana wani abu ya faru a gidana wanda ya sa na ga in na yi shiru da labarinta ban kyauta ba. To ga shi, yadda na iya.

Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Ita ce babba, ni ne na ƙarshe, a bayanta na yi wayo. Har ta bar duniya Auta take ce mini, ko a gaban fasinja, ko da furfura ta cika mini gemu. Ta auri Alhasan dillalin shanu, mutum mai ƙarancin magana, suka zauna shekaru masu yawa babu haihuwa. Ƙosai take soyawa a ƙofar gida da safe. Sai da kowa ya daina tambaya, sannan Allah Ya kawo ɗiya mace, aka sa mata Balki.

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba sai na yi masa bayani. A wajenmu in mace ta haihu, uwarta takan ɗauke ta zuwa gida ta yi jego, kuma ba wanka kaɗai ake yi ba, kiwo ake yi. Zabarmawa maƙwabtanmu suna ce wa abin hangandi, mu ma Kurfayawa ba a bar mu a baya ba. Mai jego ba ta daka, ba ta ɗibar ruwa, ba ta ko share ɗaki. Aikinta ci da sha. Kunun kanwa da safe, fura da nono da hantsi, tuwo da man shanu, riɗi, ruwan dusa a ƙwarya kusa da ita duk wuni. In ta ce ta ƙoshi, a ce ta ƙara. Ranar arba'in a yi mata ado a mai da ta ɗakin miji, mata su taru suna kama damtsenta suna guɗa. Wadda ta koma da wuya a cike, awarwaro ya nutse cikin tsoka, uwarta ta fita kunya. Wadda ta koma yadda ta zo, an san abin da za a faɗa: gidan ubanta ba hatsi, ko uwarta ba ta da hannu.

Inna, uwarmu, ta jira jikar nan shekara da shekaru, saboda haka duk farin cikinta a ƙwarya ta zuba shi. Ta kai Yaya ƙauyenmu, kusa da Tabla, ta sa wata Bafillatana ta riƙa kawo nono kullum. Ranar da na je ɗauko su da mota, sai da na sake duba fuskar yayata. Ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Mata sun yi ta zancen jegon Hamsu har wata kakar.

Ba ta daɗe da komawa ba ciwon kai ya fara. Bayan la'asar yake zuwa, kullum, kamar wanda aka yi alkawari da shi. Gefen dama kaɗai, bayan ido. Ta ce mini kamar an sa tsinken ƙarfe a wuta an soka mata ta cikin idon. Idon ya yi ja, shi kaɗai ke zubar da ruwa, ɗayan a bushe. Fatar idon ta sauko, hancin gefen ya toshe. Mai ciwon kai da muka sani kwanciya yake nema, a rufe masa ɗaki. Ita ko zama ba ta iyawa. Sai ta ajiye jaririya ta yi ta zagayen rumbu tana dukan kanta da tafin hannu. Kafin magariba ya sake ta, ta zauna tana haki kamar wadda ta yi kokawa. Macen da ta haihu ba a ji muryarta ba, ita ce nake jin kukanta tun daga zaure.

Babu abin da ba a yi ba. Wanzami ya yi ƙaho a ƙeya, ya yi tsaga a gefen ido, tabon na nan har ta mutu. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Majo, malamin ƙaramin asibitin garinmu, ya ba da ƙwayar ciwon kai, kamar an jefa cikin rijiya. Mata suka ce baki ne, ta dawo da kyau ya yi yawa. Inna kuwa ta ce yunwar shayarwa ce, jaririya na tsotse ta, maganin a ƙara mata abinci. Ta tattaro kayanta ta zo Filinge ta ɗora tukunya. Da ciwon ya yi makonni ya ɗauke da kansa, Inna ta ce kun gani. Da ya dawo, ta ce an yi sakaci da ƙwarya.

Akwai abubuwan da Yaya ba ta faɗa wa kowa ba, don ba ta ɗauke su ciwo ba. In ta kwanta, tana jin ƙara a kunne, dum, dum, kamar ana daka a gida na uku. In ta ɗago daga sujada, duhu yakan gilma mata, ta ɗan tsaya ya wuce. Da safe kanta a nauyaye. Wa zai kai ƙarar irin wannan, ga tsinken wuta na jiran ka da la'asar?

Ranar wata kasuwa amalanken jaki ya buge ta daga gefen dama, ya zubar da ita da kayan miya. Mai amalanken ya rantse tun daga nesa yake tahowa a fili, ta shigo masa kamar ba ta gan shi ba. Mutane suka zage shi. Ni na yarda da shi. Ni direba ne, na san motar da ba ta da madubin gefe. Da muka koma gida na tsaya a gefenta tana tsince wake, na cire hula ina kaɗawa kusa da kafaɗarta. Ba ta motsa ba. Na kira sunanta, ta juyo da kai gaba ɗaya, ta ce, “Auta, yaushe ka shigo?” Washegari na sa ta a gidan gaba, ita da Balki, muka tafi Yamai.

A asibiti aka tura mu wajen likitan ido. Ya ɗiga mata magani, ya haska cikin idon da ’yar fitila, ya daɗe yana kallo, sannan ya aje fitilar ya yi magana da faransanci. Wata ma'aikaciya ta juya mana da Hausa. Wai a cikin kan kowane mutum akwai ruwa, yana shiga yana fita, haka Allah Ya yi. Nata yana taruwa ba ya fita yadda ya kamata, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa, sai ruwan ya matse jijiyar da ke kai gani. Ni dai abin da ya zo mini a rai tayar da aka cika wa iska fiye da ƙima. Aka ɗauki hoton kanta, ba a ga ƙari ba, muka ce alhamdulillahi.

Na tambaya ko wannan matsi ne ke kawo ciwon la'asar. Likitan bai yi mini ƙarya ba. Ya ce irin ciwon kan nan, mai kama gefe ɗaya ya sa ido ruwa ya zo kan lokacinsa, akasari da kansa yake zuwa, babu matsi a bayansa, kuma maza ya fi kamawa. Amma wani lokaci sai a duba a tarar da matsin a ɓoye, a rage shi, ciwon ya lafa. Yadda suke haɗuwa, ya ce su ma ba su gama ganewa ba. Shi ya sa ba a sallamar mai shi sai an leƙa cikin ido.

Suka kwantar da ita a gefe, suka sa allura a gadon bayanta suka zuƙe ruwa, fari fes kamar na randa. Da la'asar ta yi, ta miƙa mini Balki, ta ɗauki kallabinta na ɗaure kai ta riƙe a hannu, ta zauna bakin gado tana jira. Na jira tare da ita. Rana ta yi ƙasa, aka kira magariba. Ta dube ni ta ce, “Yau baƙona ya ɓata hanya.” Ta yi dariya har da hawaye, kuma ranar ido biyu suka zubar.

Amma abin da ya tafi ya tafi. Idon dama saura ɗan haske. Na hagu ya rage tsakiya kaɗai, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Likita ya ba da ƙwayoyi masu sa yatsu tsiyaya kamar kiyashi na bi. Sannan ya faɗi maganar da ta fi allurar zafi: wannan matsi ya fi samun mata matasa da suka yi ƙiba da sauri, in tana son riƙe ganin da ya rage, sai ta rage jiki. Ma'aikaciyar ma da ta juya maganar, ƙasa ta kalla, don ’yar ƙasar nan ce, ta san abin da take faɗa. Muka kamo hanyar dawowa har muka wuce Baleyara. Can Yaya ta ce, “Auta, tsai da mota.” Ta sauke gorar furar da Inna ta haɗo mu da ita, ta miƙa wa wasu mata a bakin hanya, ta dawo ta zauna.

Wanda ke zaune a birni zai ce mene ne a ciki, ai rage ci ne kawai. A Filingen wancan lokaci matar aure ba ta rame haka nan. In ta rame, ko mijinta ya kasa, ko ba ya son ta, ko tana ɗauke da cutar nan da ba a so a faɗi sunanta, wadda a shekarun ake yawan raɗa a kanta. Yaya ta san duka ukun za a faɗa, kuma an faɗa. A kara, kasuwar shanu, abokan Alhasan suna tambayarsa ko rumbunsa ya yi ƙasa su taimaka. Waɗanda suka saba sayen ƙosanta suka koma ƙofar wata. Na ga mace ta janye ɗanta daga kusa da ita da idona. Ita ba ta gani ba, daga gefe ne. Ban faɗa mata ba.

Wanda ya fi ciwo shi ne na Inna. Tsohuwa ta ɗauka an ce ita ta makantar da ɗiyarta, kuma an watsa mata aikin hannunta a ƙasa. Ranar wani suna a unguwarmu, mata cike da gida, Inna ta tura wa Yaya ƙwaryar fura gabanta ta ce, “Sha, Hamsu. Kada ki kashe ni da kunya cikin mutane. Dubi wuyanki kamar na zabuwa.” Matata tana wurin, ita ta ba ni labari. Yaya ta juya kanta a hankali, yadda ta koma yi, ta bi fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya har ta iso kan Inna. Ta ce, “Inna, ba laihinki ba ne, kin yi abin da anka yi miki. Amma jikin ga ku ka kallonai. Idon ga kuwa ni ka gani da shi, kuma ina son in ga girman ɗiyata.” Ta ɗan kurɓa don kada ta mai da hannun uwa, ta ture sauran.

Haka ta yi ta yi, ba wata ɗaya ba, ba shekara ɗaya ba. Kullum da sanyin safiya ta goya Balki ta taka har fadama ta dawo, tana juya kai dama da hagu kamar mai neman abin da ya ɓace. Ta koma cin zogale da ɗan tuwo. Kuma mai son abinci ce, na san ta. Tana soya ƙosai ƙamshi na dukan hancinta, ta sayar wa mutane, ita ta sha ruwa. Alhasan ma zan ba shi haƙƙinsa. Ya yi kwanaki ba ya fita hira, sannan wata ranar kasuwa ya kwashi rigunanta a hannu, ya ratsa ta tsakiyar ’yan kara, ya kai wa tela ya ce da ƙarfi a rage su. Daga ranar aka bar shi ya huta.

Ciwon ya sake leƙo ta a shekarun farko, na mai da ita Yamai, daga baya ya ɗauke ƙafa. Ɗan ganin nan na bututu kuwa ta riƙe shi har ƙarshe. Da shi ta ga Balki ta yi tafiya, ta yi kitso, ta zama budurwa. Masu sayen ƙosai suka dawo da kansu, don shekaru sun wuce ba ta mutu ba, kuma babu mai soya irin nata. Nakan lallaɓo ta gefen dama in zari ɗaya daga faranti don in tsokane ta. Ba ta taɓa ganina ba, amma ba ta taɓa kasa kama ni ba. Sai ta ce, “Auta, aje. Warin gazuwal na motarka ya riga ka isowa.”

Duk macen da ta zo ƙofarta ta ce kanta na ciwo, sai ta sha tambaya. Kunnenki na daka? In kin duƙa kin tashi, duhu na gilma miki? In matar ta ce e, sai Yaya ta aiko mini, in ba ta wuri a mota. Akasari a je a dawo ba a ga komai ba, mazajensu su yi ta guna-guni. Ko a jikinta. Ta ce gara a je a banza. Zazzaɓi ne na ’yan kwanaki ya ɗauke ta, babu ruwansa da kai.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Ina jin za ta ji daɗin waya, don yanzu kafin ka tashi kana iya tambaya ko likitan ido na nan. Hanyar kuwa za ta ba ta tsoro, mu ma tana ba mu. Amma abin da zai tayar mata da rai shi ne ƙwarya ta samu mataimaki. A zamaninta sai an yi wahalar daka da dama. Yanzu ga ƙwayoyin ƙiba da na ruwa a kwalba kan tiren masu talla, ga hotunan mata a waya ana yaba su, yarinya ta saya ta sha ba wanda ya sani. Da Yaya na nan da ta bi masu tiren nan da bakinta har su bar unguwa.

Bana Balki ta haihu, ɗa namiji. Ba uwa, ba kaka, don Inna ma ta rasu, saboda haka gidana ta zo jego. Matata Hajara ta ɗaura ɗamara. Ta ce ba za a ce don yarinya marainiya ce ta koma ɗakin miji kamar kara ba. Da zuciya ɗaya ta yi, na sani. Na yi magana, ta ce wannan sha'anin mata ne, in je tashata. Na ce wa kaina ciwon ba gado ba ne dole, na tafi.

Wata la'asar na dawo da wuri, na tarar da jariri na kuka a tabarma, Balki kuma tana bayan ɗaki tana kai da kawowa, tafin hannunta a kan idon hagu. Na cire hannun. Ido ja, ruwa na zuba, ɗayan a bushe. Ban san lokacin da bakina ya ɗauko maganar Yaya ba. Na ce, “Kunnenki na daka?” Ta ce, “Kawu, wa ya hwaɗa maka?” Na ce duhu fa? Ta sunkuyar da kai. Ashe ta kwana biyu tana ɓoyewa, tana tsoron kada a ɓata wa Hajara aiki. Ƙwayoyin tire ma tana sha, wata ƙawarta ta kawo mata.

Hajara ta ce arba'in saura kaɗan, dangin miji sun sa rana, a bari a yi biki sannan a tafi. Ban yi gardama ba, na gaji da gardama a rayuwata. Na ɗauki ƙwaryar furar Balki na juye wa rago, na kife ta, na ce gobe da asuba. Ta yi kuka, amma ita ta haɗa kayan jariri, kuma ita ta zauna da Balki a asibiti. Aka haska ido, aka ga kumburi a can ciki. Aka yi hoto, aka zuƙi ruwa. Likitar da ta duba ta ce mun zo da wuri, ganin bai taɓu ba tukuna. Na fita waje na zauna a gindin bishiya.

Balki ta koma ɗakinta a makare, kuma ba a cike ba. Babu wanda ya kama damtsenta. Uwar mijinta ta tambaya a gaban mutane ko gidan kawu fari ya shiga. Maganar ta iso ni a tasha, har abokai suna yi mini tayin damin hatsi. Na ji zafinta ƙwarai, ni da gemuna, a kan magana ɗaya. Sai a lokacin na auna abin da Yaya ta ɗauka shekara da shekaru, ita kaɗai, da rabin ido, ba ta taɓa kawo mini ƙarar kowa ba.

Yaya ba ta bar gadon gona ba, ba ta bar shanu ba. Al'adar ma ba ta kashe ta ba, ana nan ana yi, kuma ban ce duk mai jego da aka ciyar za ta makance ba. Abin da ta bari tambaya biyu ne a bakin wani tsohon direba, da kaskon suya, da misalin cewa mace na iya ture ƙwarya a gaban uwarta ta zauna da mutuncinta.

Kaskon yana hannun Balki, ta fara suya a ƙofar gidanta. Shekaranjiya na bi ta wajen da safe. Tana duƙe kan wuta, ɗanta a baya, idonta a kan mai. Na lallaɓo ta gefe, yadda na saba yi wa uwarta, na miƙa hannu cikin faranti. Ba ta juyo da kai ba, ta ce, “Kawu, aje.” Na ce, “Warin gazuwal kika ji?” Ta ci gaba da juya ƙosanta ta ce, “Ganinka na yi. Hularka ma a karkace take.”

Na gyara hular. Ƙosan dai ban aje ba, a tsaye na cinye shi, na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido. Allah Ya jiƙan Yaya Hamsu, Ya haskaka mata kabarinta dama da hagu.